Gidan Arzika na Bakin Ruwa

Malam Arzika dillalin albasa ne a Yelwa, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa tare da gida a bayan kasuwa. A zauren gidan fatake suke sauka, su ci, su huta, ya yi musu ciniki. Bayan samun 'yancin kai ya shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun daga ranar da ya karɓi takardar shaida babu wanda ya ƙara karanta masa wasiƙa.

Da aka soma ginin dam a Kainji, 'yan safiyo suka bi gaɓar kogi suna kafa turaku masu jan kai. Wani leburansu ya kawo wa Arzika takarda, bugun tafireta, mai zanen wuraren da aka auna. A jikin layin turakun da ya ratsa wani tudu kusa da Warra an rubuta: "iyakar bakin ruwa".

Wata guda ya yi yana juya maganar. Tsibiran Gungawa, manoman albasa, za su nutse, a mayar da mutanen tudu, kuma duk wanda ya riga gina masauki a sabuwar gaɓa shi zai riƙe cinikin. Sai dai ba shi da abin yin ginin in ba ya sayar da gidan gado ba.

Matarsa Altine ta ce, "Malam, kogin ga shi da kainai bai san inda za shi tsaya ba. Kai mi ya sanar da kai?"

"Takarda. Ke da ko baƙi guda ba ki sani ba, ina ruwanki?"

"Ban san baƙi ba, amma na san gidan Baba bai taɓa matsawa ba."

Ya sayar. Ya gina ɗaki takwas da rufin kwano a tudun nan, ƙofarsu tana duban turakun. A sanyin da ya biyo bayan rufe dam ruwa ya hau har gindinsu, jirage suna ɗaure a ƙofar gidansa, mutane suna zuwa kallon mai hangen nesa.

Bazara ta shigo, aka fara cirar albasa, sai ruwan ya soma ja da baya. Kullum yana barin taɓo, har gaɓa ta yi nisan fiye da mil guda. Jiragen albasa suka koma wani wuri mai zurfi, fatake suka bi su.

Arzika ya ɗauki takardar ya tafi wurin Tamada, wani tsohon Bagunge matuƙin jirgi, ya karanta masa da ƙarfi, yana nuna wurin da yatsa.

Tamada ya yi dariya har ya ga fuskar Arzika, ya daina. "Dillali, ba baki ba ne, baƙi ne. Baƙin ruwa, wanda ke zuwa da sanyi bayan farin ruwan damina. Nan ne iyakar inda yake kaiwa, daga nan sai komawa. Ko jikata ta san wannan."

Tafiretar ba ta da ƙa mai lanƙwasa. Arzika kuwa, da aka haifa a gefen kogin nan, ya san ruwan biyu sarai. Bai dai taɓa zaton zai gamu da su a rubuce ba.

Ba a sami mai sayen masaukin ba. Ya zauna a ɗaki biyu, awakin Altine suka mamaye sauran, ita kuma har ta rasu ba ta tayar da zancen ba. Ya koma noman shinkafa a taɓon da ruwa ke bari.

Sau ɗaya ya sake zuwa bayan kasuwar Yelwa, yana so ya ga ɗakin da innarsa ta haife shi. Ya tsaya a zaure ya yi sallama sau uku. Aka aiko daga ciki cewa maigida ba ya nan, kuma ba a shiga.