Ruwan Lagireto a Gindin Tsamiya

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni aka yi, a kan idona, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa ko gishiri ba. Shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula ne, wannan karon na baya, farkon damina. Lokacin ina da rumfar atamfa da shadda a Babbar Kasuwa nan Katsina, ina zuwa Legas saro kaya, kuma duk tafiyar da zan yi tare muke yinta da aminina Rabe, maƙwabcina a Kambarawa, shi takalma yake sarowa.

Rabe mutumin kirki ne, hannunsa a sake, sai dai akwai zuciya, kuma Allah ya jarabce shi da son tsohuwar mota. Ana ta rububin shiga irin sababbin motocin da 'yan siyasa suka fara fitowa da su, shi kuwa sai ya je ya tono wata Fijo 404 a Agege, wurin wani tsohon Bayarabe da ya lulluɓe ta da tamfol shekara da shekaru. Ruwan madara ce, giyarta a jikin sitiyari, kujerunta jar fata. Na ce, "Haba Rabe, wannan ai sa'ar babanka ce, akwala za ka ja tun daga Legas har Katsina?" Ya ce in rufe masa baki, irin wannan ƙarfen an daina yinsa.

Muna cikin haka saƙo ya iso ta bakin wani direban babbar mota ɗan unguwarmu, cewa Murja matar Rabe ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Ku gane, sun daɗe tare ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sun sha magani har sun gaji. Rabe ya manta da wata kunyar ɗan fari, ya rungume direban nan a tsakiyar tasha yana hawaye, ya rantse a cikin Fijon nan zai shiga Katsina kafin ranar suna. Muka ɗora wa direban kayanmu, muka kama hanya mu biyu.

Tun daga Ibadan ta fara nuna mana hali. Mu ɗan taɓa tafiya sai allurar zafi ta haura ja, mu tsaya, mu ɗaga bonet, mu jira ta huce, mu ƙara ruwa. A Ilori wani bakanike ya canza fanbel, a Jebba wani ya ce tiyo ne, a Mokwa inda muka kwana wani ya wanke lagireto ya ce an gama. Ina! Babu abin da ya sauya. 'Yan sandan da suka gaji shingayen sojoji ma dariya suke mana, har wani ya ce ko gidan tarihi za mu kai ta. Ni ina tsokanar Rabe, shi kuwa yana cika yana batsewa, don hankalinsa duk yana gida.

Bayan mun wuce Birnin Gwari, rana ta take tsaka, cikin dajin nan da ba gida gaba ba gida baya, sai tururi ya turnuƙe gaban motar. Rabe ya gangara da ita ƙarƙashin wata ƙatuwar tsamiya don inuwa. Ni na ɗauki buta na matsa gefe na yi alwala na yi azahar. Ina sallamewa na ga tururi na tashi daga saiwar bishiyar. Ashe Rabe ya gaji da jira, ya kwance ƙasan lagireto ya sako ruwan nan yana tafasa, ja wur da tsatsa, ya malala ya shige wani kogo a gindin tsamiyar.

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa ya san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai da bismillah, don ba mu kaɗai ke zaune a ƙasar ba, balle tsakar rana, balle gindin tsamiya. Na ce, "Rabe, ka dai yi bismillah ko?" Ya ce, "Malam, don Allah ka bar ni in ji da abin da ya dame ni."

Bai rufe baki ba muka ji kukan jariri, siriri, irin na wanda ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Sai ga wata mata ta ɓullo daga bayan bishiyar, doguwa, da baƙin saƙi, ba takalmi, da goyo a bayanta. Ta gaishe mu gaisuwa cikakkiya, ya hanya, ya gajiya, ya aka baro mutanen can, muryarta a sanyaye. Sannan ta ce, "Wane ne cikinku ya zuba ruwan zafi a nan? Ɗana na kwance a wurin."

Rabe ya ce shi bai ga yaron kowa ba, ai da idonsa. Ba ta yi musu ba, ta nuna jarkarmu ta ce to a taimaka mata da ruwan sanyi ta zuba masa. Ruwan da ya rage a jarkar kuwa iyakar wanda zai cika lagireto ne, in an taɓa shi a dajin za mu zauna. Rabe ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, wannan na mota ne. Ni ma jaririya ke jirana a gida." Ta dube shi ta ce, "Ashe kana da jaririya."

Na miƙa mata butata, ɗan abin da ya rage bai fi a jiƙa tafin hannu ba. Ta karɓa a hannu ta shafa ta bayanta, ta juya ta zaga bishiyar. Na bi ta da ido ina jiran ta fito ta ɗaya gefen. Billahillazi ba ta fito ba. Na zaga da kaina, ba kowa, ba sawu, ga fili fetal, kukan kuwa yana nan kamar daga cikin itacen yake fita. Na ce Rabe ya zuba ruwan jarkar nan a lagireto mu bar wurin.

To daga nan motar nan ba ta ƙara yin zafi ba. Allura ta kwanta can ƙasa ta ƙi motsi. Muka wuce Funtuwa, muka wuce Malumfashi, Rabe yana taka ta yana dariya, wai ga shi nan datti ne ya fita. Da muka tsaya la'asar na ɗora hannu a kan bonet, na ji shi kamar gefen randa. Na ɗaga na taɓa injin da kansa, injin da ya sha wannan gudun, sanyi ƙalau. Nan tsoro ya kama ni.

Dab da magariba muka shigo Katsina. Tun daga bakin layi muke jin ihun jariri, Rabe na kashe mota a ƙofar gidansa ihun ya tsaya cak. Mata suka ce ka ga ɗiya ta ji ƙamshin ubanta. Sai Inna, mahaifiyar Rabe, ta fito zaure da ita, ta ce tun azahar yarinyar nan ta tsanyare, jikinta kamar garwashi, ta ƙi nono. Ta buɗe zanen. Bayanta da cinyoyinta duk sun tashi bororo, irin na ƙunar ruwan zafi. An ɗora laifin a kan tsohuwar da ke yi wa Murja wankan jego, wai ita ta fallatsa mata, tsohuwa tana ta rantsuwa tana kuka. Na dubi Rabe, ya kau da kai.

Da safe aka ce a kai ta asibiti. Inna ta shiga baya da ita, Rabe ya murɗa makulli, injin na kamawa yarinya ta sandare ta fasa ihu. Na ce, "Rabe, kashe motar nan." Ya kashe, ta yi shiru tana ajiyar zuciya. Allah shi yafe mana, sau ɗaya muka sake gwadawa don mu tabbatar, kuma abin da ya faru ke nan, har wani sabon bororo ya taso a dantsenta muna kallo. Rabe ya fito ya zauna a ƙasa dirshan ya dafe kai. A tasi aka kai ta, suka ce ƙuna ce, suka ba da man shafawa, suka yi wa mata faɗan sakaci.

A zaure muka kwashe komai muka faɗa wa Inna. Ta yi salati ta ce, "Ku yaran nan, mi kuka jawo mana?" Ta tura mu wurin wani malami dattijo da take yarda da shi. Ya ce kada mu yanka komai, kada mu kai wa kowa komai, haƙƙi ne aka ɗauka, a koma inda aka yi a nemi gafarar mai shi, a kai ruwan da aka hana. Mazan unguwa kuwa ba mu faɗa wa kowa ba, don wa zai yarda? Cewa za a yi murnar haihuwa ta taɓa Rabe. Ya kulle motar inda take a ƙofar gida, ya jefa makulli a aljihu, muka ɗauka shi ke nan an tsare.

Ranar jajibirin suna muka yi sammako a motar haya da jarka cike, muka sauka a tsamiyar nan wajen azahar, direba yana mana kallon mahaukata. Ciyawar gindinta duk ta ƙone ta yi baƙi. Rabe, mutumin da ban taɓa ganin ya ba wani haƙuri ba, ya durƙusa ya yi bismillah yana tsiyaya ruwan a hankali cikin kogon, yana cewa, "Baiwar Allah, na yi kuskure, ban gani ba, kuma na hana ki ruwa. Ki yafe mani don Allah. Ita kaɗai gare ni." Ni kaina sai da na yi hawaye. Ba mu ga kowa ba. Amma wani siririn kuka da muke ji tun saukarmu, wanda na yi ta ce wa raina tsuntsu ne, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Daga baya Murja ta ce daidai wannan lokacin zazzaɓin ya sauka, yarinya ta kama nono ta sha har ta yi barci.

Muka juyo Rabe yana ta hamdala, har ya sayi tsire a Funtuwa ya ce na maijego ne. Muna shigowa layinmu da yamma na hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gidansa, ya ce ka ga har an fara shirin gobe. Ni kuwa ba mutanen nake kallo ba. Motar nake nema, ba ta inda muka bar ta. Tana can tsallaken layi ƙarƙashin bishiyar bedi.

Abin da ya faru, bayan la'asar matasa sun zo share ƙofar gida inda za a shimfiɗa tabarmin suna, mota ta tare wurin, an tura ta ƙi gusawa don tana cikin giya a kulle. Sai aka kira Malam Iro, wani bakanike maƙwabcinmu, mutum mai zumunci da ba a kiransa ya ƙi zuwa. Ya buɗe ta da dabararsu, ya haɗa waya ta tashi, ya matsar da ita. Da yake ya ji labarin wahalar da ta ba mu a hanya, sai ya ce bari ya duba wa Alhaji Rabe ita kyauta, ya bar ta a kunne yana ba ta wuta yana saurare. Inna na can ƙuryar gida cikin hayaniyar mata da daka, kafin ta gane ƙarar da take ji ta fito da gudu ba mayafi, an riga an gama, yarinya ta cika. Mu ake jira a kai ta makwancinta.

Muna tsaye, liman ya riƙe hannun Rabe yana ba shi haƙuri, sai ga Malam Iro ya matso, idonsa jawur, ya yi ta'aziyya. Sannan don ya ɗan sanyaya masa rai ya ce, "Alhaji, na matsar maka da motar. Na ma duba ta, lafiyarta lau, na daɗe ina ba ta wuta ko ɗumi ba ta yi ba."

Na riƙe rigar Rabe don na san zuciyarsa. Ya dubi mutumin nan. Sai ya ce, "Na gode, Malam Iro. Allah shi bar zumunci." Ya shiga ya ɗauko ɗiyarsa a hannu muka tafi maƙabarta. Da muka dawo gida ya ce da ni da Inna duk wanda ya faɗa wa Malam Iro bai yafe ba, kuma har Malam Iro ya koma ga Allah bai san abin da hannunsa ya yi ba. Shi ya sa ma sai yanzu nake ba da labarin.

Kada ku tambaye ni, in an yafe mi ya sa zafin bai bar yarinyar ba, ko kuwa dama ba a yafe ba, sassauci aka yi mana na ɗan lokaci. Na tambayi malamai, kowa ya ce Allah ne masani, kwananta ne ya ƙare. Na yarda. Amma har gobe in na ji an ta da mota a ƙofar gidan da ake jego, sai tsigar jikina ta tashi, in kasa kunne ina jiran abin da zai biyo baya.

Ni dai shawarata, 'yan uwa, ku masu bin dogayen hanyoyi, in mota ta yi zafi ku duba inda za ku tsaya, ku ambaci Allah kafin ku zubar da komai. Wanda ya roƙe ku ruwa a daji ku ba shi, ko da a nan za ku kwana. In kuma kun san wani abu zai cutar, ku faɗa wa maƙwabta da babbar murya, gara a ce kun haukace.