Don Chebo, Bakaniken da Ba Ya Canja Kaya Sai Ya Ji Dalili

Ƙarfe bakwai saura kwata Don Chebo ke ɗaga ƙofar garejinsa da ke gefen layin dogo a kudancin birnin Fresno. Ba ya taɓa sifana sai ya sha kofi. Zai zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota da ya jingina da bango, burodi mai sukari a hannu, yana bin motocin da aka bar masa jiya da kallo ɗaya bayan ɗaya. Eusebio Arrieta ne sunansa a takarda, amma shekara talatin da takwas ke nan ba mai kiransa haka sai ma'aikatan gwamnati. Ran Asabar ɗin nan zai miƙa makulli, gwiwoyi sun ce sun gaji. Ni kuwa na ga bai kamata mutumin nan ya tafi shiru ba.

Aibinsa ɗaya ne, kuma shi ne alherinsa: tambaya. Ka kawo masa mota kana sauri, sai ya soma. Ina kake shan mai? Wa ke tuƙa ta bayan kai? Da safe take yin ƙarar ko da rana? Garo, mai facin taya da shagonsa ke manne da garejin, shekara ashirin yana yi masa tsiya a kan haka.

"Wannan ba bakanike ba ne, alƙali ne," in ji Garo. "Ka kawo mota, ka ƙare da ba da tarihin kakanka."

"Kai dai ci gaba da hura iska," in ji Don Chebo. "Aikin da ba ya buƙatar kai."

Garo ɗin ne ya fi kowa ba da labarin Misis Shoua Lor, don a gabansa aka yi. Misis Lor dattijuwa ce 'yar ƙabilar Hmong, tana noman barkono da yalo da dogon wake a wata 'yar gona a bayan gari, tana kaiwa kasuwar manoma. Abin hawanta tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar 1998 da marigayi mijinta Tong ya bari. A nan kuwa mota ba ta samun sabuwar takarda sai ta ci gwajin hayaƙi, ita kuma ta faɗi. Saura kwana tara takardar ta ƙare. Ɗanta da ke Sacramento ya riga ya yanke magana: in motar ta sake faɗuwa, a kai ta bola, ita kuma ta bar gonar ta koma wurinsa ta zauna a bene.

Ta shigo da takardar gwajin a hannu, ko zama ba ta yi ba.

"Katalis ne, Don Chebo. Kwamfuta ta faɗa. Ka canja kawai, kar ka ɓata mini lokaci."

Katalis wata 'yar tukunya ce a jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma, ita ke ƙone dafin hayaƙi kafin ya fita. Don Chebo ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe bai ɗago ba. Abin da ya tsayar da shi waldar ce, sabuwa fil.

"Misis Lor, yaushe aka sa wannan?"

"Bara. Kafin shi an sa wani, shekara biyu baya."

"Biyu a shekara uku?" Ya zauna a ƙasa, fuskarsa ta washe kamar an ba shi kyauta. "Wannan abin fa yana yin shekara goma ko fiye. Ba ya mutuwa haka nan. Kashe shi ake yi."

"To ga shi nan, an fara," in ji Garo daga bakin ƙofa. "Baiwar Allah, ki aika a kawo miki abincin rana."

Don Chebo ya ta da inji ya bar shi ya yi zafi, ya auna zafin bakin shiga da na bakin fita na tukunyar. Mai aiki, bakin fitarta ya fi zafi. Wannan kuwa duk ɗaya. Ya ƙwanƙwasa ta da gudumar roba, bai ji komai na karkaɗawa a ciki ba, wato ba farfashewa ta yi ba. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, katalis ya mutu. Wani bakaniken a nan zai tsaya, kuma ba wanda zai zarge shi. Shi kuwa sai ya zaga baya, ya tara hannu a bakin salansa, ya shinshina.

"Hayaƙin nan da zaƙi-zaƙi," ya ce, shi kaɗai.

Ya kwance fulogi guda huɗu ya jera a kan tsumma. Uku sun yi ruwan ƙasa yadda ya kamata. Na huɗu fes, sai ka ce yanzu aka wanke shi. Ya ɗaga shi sama yana jujjuyawa.

"Wa ke wanke mini wannan? Misis Lor, faɗa mini abin da kike yi da safe. Tun daga fitowarki ɗaki."

"Me ya haɗa safiyata da salansa?"

"Ni ma abin da nake son sani ke nan."

Ta yi tsaki, amma ta faɗa. Takan ba kaji hatsi, ta loda kwanduna, sannan ta buɗe bonet ta ba motar ruwanta.

"Ruwanta?"

"Koren ruwan lagireto mana. Kofi ɗaya. Tong ya ce a duba kullum kafin a ta da ita. Da yana raye sai a yi wata ba ta nema ba. Tun da ya rasu, kullum sai ta sha." Ta ɗan kau da kai. "Na ɗauka tsufa ne. Ni ma ai haka."

"Kin taɓa ganin ɗigo a ƙasa inda take kwana?"

"Ko sau ɗaya."

"Kin gaya wa waɗanda suka canja miki na baya?"

"Ba su tambaya ba."

Garo ya ce a nan ne ya daina dariya. Don Chebo ya nuna mata da yatsa. Gasket, wato ɗan faifan da ke like tsakanin kan inji da gindinsa, ya tsage kaɗan, ruwan na zurarewa cikin silinda ta huɗu yana wanke fulogin, ya ƙone tare da fetur, ya bi salansa ya toshe fuskar saƙar nan da wani farin ɓawo. Kofi ɗaya kullum, shekara huɗu tun rasuwar Tong. Da ya sa mata na uku a ranar, wataƙila ta ci gwaji, sannan ya mutu kamar 'yan'uwansa.

Sai ta ce, "Wato ni nake kashe ta."

"A'a. Ba don kofinki ba, da tuni injin nan ya ƙone a kan hanya. Ke kika riƙe ta da rai. Ba a dai samu wanda ya tambaye ki ba ne."

Kwana shida ya yi a kanta. Ya sauke kan injin, ya kai aka goge, ya sa sabon gasket, sai a ƙarshe ya ɗaura katalis irin wanda hukuma ta amince da shi. Ya sa ta yi ta yawo da motar kwana biyu kafin gwaji. Ana saura kwana ɗaya takarda ta ƙare, motar ta ci.

Bayan mako guda sai ga ta da kwandon barkono, da ƙorafi.

"Don Chebo, ta ƙi sha. Kullum na buɗe, a cike. Sai in tsaya da kofi a hannu kamar wata sakarya."

"Ki ci gaba da buɗewa," ya ce. "Dubawa Tong ya ce ki yi. Ita ba ta ƙare ba."

Don Chebo, kai ne wanda bai taɓa jin kunyar cewa "ban sani ba tukuna" a gaban mai mota ba. Kai ne ka ɗauki safiyar tsohuwa da muhimmanci daidai da abin da kwamfuta ta rubuta. Sarkin tambaya, mun yi ta ƙorafin jinkirinka, kuma gaskiya za mu yi kewarsa. Mun gode. Allah ya hutar da gwiwoyin nan.

Masu gyara da ke tasowa, ko injin kuke gyarawa ko jikin mutum, kafin ku cire abin da ya mutu ku tsaya ku tambayi abin da ya kashe shi, kuma ku tambayi mai shi, ba na'ura kaɗai ba.

Ran Asabar ba za a ɗauko motar haya don kwashe kayansa ba. Misis Lor ta ce ita za ta kai masa kujerar nan tasa gida, in ta taso daga kasuwa, a bayan a-kori-kurar Tong. Ɗanta ma zai zo daga Sacramento ya kama musu ɗauka.