Ranar da Baruni Ya Yi Barci a Rami

Kakana Liborio maginin katangar dutse ne. Rabin katangun da suka raba gonakin zaitun a bayan garinmu, kusa da Ragusa, aikin hannunsa ne. Amma an fi saninsa da firettu, dabbar nan mai dogon jiki kamar tunku da ake turawa cikin rami ta koro zomo.

Na ƙarshen da ya riƙe shi ne Baruni. Uwarsa ta mutu tun idonsa bai buɗe ba, sai Kaka ya cusa shi cikin 'ya'yan kyanwarmu Mimma. Kowa ya ce cinye shi za ta yi. Ta shinshina shi, ta lashe shi, ta ba shi nono. Tun daga nan kwando ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci.

Sai dai jajibirin farauta akan kulle Baruni a ɗakin itace, ba a ba shi komai sai ɗan madara, domin firettun da ya ƙoshi barci yake yi a rami. Kullewar aikina ce.

Shekarar da na cika sha biyar, Kawu Gaspare ya fara cewa tsohon ya soma mantuwa, gara a karɓe bindigarsa.

"Baba, jiya fa ka bar murhu a kunne."

"Kai da ka manta ranar aurenka sai da aka aiko daga coci?" in ji Kaka. Aka yi dariya, amma Kawu bai yi ba. Kaka ya ce, "To, ranar Lahadi a wurin farauta ka sa ido. In ka ga kuskure ɗaya, da hannuna zan miƙa maka ita."

Ranar Asabar da yamma Mimma ta zauna bakin ɗakin itace tana kuka, Baruni na karta ƙofa daga ciki. Tausayi ya kama ni, na buɗe, na tafi kwashe shanya. Ko da na dawo, kayan cikin kazar da ke kwanon Mimma babu ko ɗigo. Na mayar da Baruni na kulle, ban gaya wa kowa ba.

Da safe ni na riƙe kwandonsa. Kaka ya ɗaura masa 'yar ƙararrawa, ya sake shi a ramin da ke gindin wata katanga. Muka ji ƙarar tana nisa, sai ta ɗauke. Maza shida suka tsaya cikin rana har tsakar rana, ko zomo ɗaya bai fito ba. Ƙarshe sai da suka rushe gefen katangar, wadda Kaka ne ya gina ta, suka zaro Baruni yana hamma.

Kawu ya latsa cikinsa. "Baba, wannan ai daga gidan biki yake. Ka ba shi abinci ka manta."

Kaka ya dube ni sau ɗaya. Ni kuwa ƙasa nake kallo.

"Haka ne," ya ce. "Na manta."

A nan ya miƙa bindigar. Daga baya aka karɓe makullin babur ɗinsa, aka riƙa ɗaga murya in za a yi masa magana, kamar yaro. Shekara huɗu ya yi a haka, yana zaune a ƙofar gida. Kullum ni ke kai masa kofi, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban iya ba.

Bara, mako guda bayan mun binne shi, na gaya wa Kawu Gaspare cewa ni na buɗe wa Baruni. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Kin san da wannan labarin na je wurin likita, na ce Baba ya ruɗe?" Sannan ya ce, "Kada uwarki ta ji."

Na ce masa ita na fara gaya wa.