Takalman Rana Ɗaya

Daga Magarya har Dungas babu wanda fuskarsa ta yi nisan tafiya kamar tawa. Ni ban taɓa wuce Damagaram ba, amma hotona yana can ƙasar Turawa, manne a jikin kwalbar man riɗi, ina washe baki kamar wanda aka biya wa kujerar Makka.

Damina uku na yi ina feshi a gonar riɗin wani kamfani kusa da Bande, gonar da in ka yi sallama a bakinta da safe, sai la'asar a amsa maka daga ɗaya bakin. Riɗin na ƙetare ne, ko ƙwaya ba ma taunawa. Rabonmu maganin ƙwari: famfo a baya yana ɗiga, silifa a ƙafa. Abokin aikina, wani dattijo mutumin Dogo-Dogo, maganin ya ci ƙafafunsa har ba ya iya wanke su a alwala. Takalmi kawai yake roƙo, kullum shef, wato shugaban gonar, ya ce babu.

Ran nan masu sayen riɗin suka aiko wata Baturiya ta ga yadda ake kula da mu. Sai ga mangaza, ɗakin ajiyar kaya, a buɗe: takalman roba sababbi fil, safar hannu, abin rufe hanci. Ashe suna nan tuntuni! Kowa ya saka, shef ya turo ni gaba. Na ce yau za a ji gaskiya. Na zuba bayani ya kai huɗubar Idi, ina nuna ƙafar dattijo, alhali takalmi ya rufe ciwon. Shef ne tafinta. Da kalma uku ya juya mata shi. Ta dafa ƙirji, ta ɗaga kyamara, ta ce in yi dariya. Ni kuma, kaicona, na yi.

Motarta ba ta ɓace ba aka ce a tuɓe. Dattijo ya riƙe nasa.

"Shef, don Allah, ko zuwa girbi."

"Baba, wasu baƙin na tafe baɗi. So kake su tarar da su da datti?"

Bai kai girbin ba aka sallame shi, wai ba ya sauri.

Da wani ɗan garinmu ya turo min hoton kwalbar a waya, ban bar kowa ya huta ba. Har Dogo-Dogo na kai wa dattijo. Yana zaune, ƙafafu naɗe da tsumma. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min wayar.

"Ƙanena, ba kai suka ɗauka ba. Takalmin suka ɗauka, kai ƙafa kawai aka ara a wurinka."