Sukuwar Goɗiyar Baba

A zamanin Turawa akwai filin sukuwa a bayan garinmu, shimfiɗe kamar faifai. Al'adarmu ita ce, muddin doki ya keta shi da gudu daga gindin tsamiya zuwa bakin rafi kafin ruwan shuka ya sauka, ba mai taɓa filin a shekarar. In ba a yi ba, mai unguwa yana da ikon raba shi.

Da can wa ya damu da fili? Sai hanyar mota ta biyo ta gefensa, gyaɗa ta yi daraja, 'yan kasuwa suka fara zarya gidan mai unguwa da goro, kowa yana son wurin kafa sikeli. Mutanen da a da ko gaisuwar kirki ba sa yi masa! A shekarar kuma ƙudan tsando ya yi yawa a dajin Kamuku, cutar sammore ta bi dawakin gari ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya tsira sai goɗiyar Babana, tsohuwa, haƙarƙari duk a waje.

Lokacin ni magidanci ne, har da 'ya'ya. Da na ji Baba zai hau, na ce masa shi ya tsufa, ita ta tsufa, kada a yi biyu babu. Ya ce in je in ji da gonata.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baba ya ɗaura wa goɗiyar sirdi da hantsi. Gari ya fito, wasu kam dariya suka zo yi. Baba ya hau, ya shafa wuyanta, ya saki linzami. Ta fara da sassarfa har gabana ya faɗi, sai kawai ta miƙe. Ikon Allah! Ƙasa tana amsawa har cikin tafin ƙafata. Rawanin Baba ya warware yana binsa a iska, shi ko gezau. Matan Fulani da suka fito daga daji da ƙoren nono suka tsaya cak. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kofato. Na yi hawaye a gaban jama'a, ban ji kunya ba.

A bakin rafi ya sauka, ya kwance sirdin ya ɗora a kansa, ya jawo ta a hankali.

Mai unguwa ya ce, “Malam, bana fili na dawaki ne.”

Baba ya ce, “Bana dai, ranka ya daɗe.”

Goɗiyar ba ta ga kaka ba. Da shekara ta zagayo aka kafa sikeli a gindin tsamiyar, rumfuna suka biyo baya. Har Baba ya bar duniya bai taɓa ratsa wurin da ƙafa ba. In zai je gona sai ya zagaya ta bakin rafi yana dogara sanda, ko da ruwa ake yi.