Tsintsiyar Anti Valmai

Duk wanda ya tashi a Yarrabindi ya san Anti Valmai da tsintsiyarta. Yayar mahaifiyata ce, gajeruwa mai faɗin kafaɗa, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin wankin asibiti har hannunta ya yi kaushi kamar ɓawon itace. Ba ta fashin coci. Kowace Lahadi za ta ɗora hularta mai fure, Littafi Mai Tsarki a dama, tsintsiya a hagu. Sai ta jingine tsintsiyar a bakin ƙofa, ta shiga ta rera waƙa har muryarta ta danne ta kowa.

Tsintsiyar ta kabarin uwarta ce, kakata Nana Ivy. A zamanin da Nana ta rasu ba a binne mu 'yan asalin ƙasa tare da Turawa. Nasu suna cikin shingen maƙabartar coci, a inuwa, da duwatsu masu rubutu. Namu suna bayan waya mai ƙaya, a gefen makiyayar gidan Hartigan. Tunkiya kuwa ba ruwanta da kabari. Ta cinye furen, ta kwanta a kai, ta bar kashinta ta yi gaba. Saboda haka da an tashi daga sujada, matan Turawa su nufi teburin shayi da kek, Anti ta ɗage siket ta ratsa tsakanin waya ta je shara.

Abu ɗaya take so a duniya: a matsar da shingen nan ya zagaye kaburburanmu. Ba wani fili ba ne, bai ma kai inda ake ajiye motoci a gaban cocin ba.

Sai aka wayi gari sulhu ya zama yayi. Aka kawo sabon fasto, Lachlan, yaro mai kirki wanda hawaye ba sa masa wuya. Aka kafa kwamitin sulhu, aka ba Madam Glenys Hartigan shugabanci, wato matar mai tumakin. Allah Sarki, irin aikin da kwamitin nan ya yi! An kunna kyandir. An rataye zanen hannun mutanenmu a bango, a juye ma, ba wanda ya lura sai mu. An nemi gafara a tsaye, an nema a durƙushe. Kuma tunda neman gafara sai da mai yafewa, Anti ce ta zama ta aikin, a zaunar da ita a gaba a yi ta kuka a kanta.

Wata shekara Fasto ya kawo kwano da tawul, ya durƙusa ya cire mata takalmi zai wanke mata ƙafa, mai ɗaukar hoto na tsaye.

Ya ce, "Anti, ki yafe mana."

Ta ce, "Na yafe, ɗana. Bara ma na yafe. Kai, ruwan nan da sanyi! To ina maganar shinge?"

"Tana gaban kwamiti, Anti."

"Har yanzu? Kwanci kwamitin yake yi a kanta ne, mu jira ƙyanƙyasa?"

Madam Glenys ta matso tana share ido, ta rungume ta. "Haba Valmai, 'yar'uwata, ai yanzu mun zama ɗaya."

"Ƙwarai kuwa, Glenys. Mun zama ɗaya har tumakinki sun mai da uwata bayan gidansu."

Aka yi dariya, wai Anti akwai barkwanci. Hoton ya yi kyau, har yau yana rataye kusa da bagadi.

Uzuri kam ba ya ƙarewa. Sai mai awon fili ya zo. Sai an gama askin tumaki. Sai an ji ta bakin manya na birni. Ni dai raina ya ɓaci, na daina taka cocin, na kuma ce mata ta bar musu kayansu.

Ta harare ni. "Ke Noleen, bakinki ya fi ki girma. Cocin na ubansu ne? Na Ubangiji ne, kuma ni na riga wannan faston shigarsa. In na tafi wa zai riƙa tuna musu?"

"Su da suka sani sarai, Anti?"

"To su sani a gabana. Miƙo min hulata."

Haka aka yi ta yi har ciwo ya kama ta, ta fara tafiya da sanda. Duk da haka ba ta ajiye tsintsiya ba, sai dai yanzu ni ke ɗaga mata waya ta ratsa, ina ji tana nishi.

Da kwamiti ya ga ta kusa, sai ya farka. Wata Lahadi aka ce lallai in kawo ta, akwai albishir. Madam Glenys ta hau gaba, murya na rawa, ta sanar cewa coci ya ba Anti Valmai wurin kabari a cikin shinge, can gaba a inuwa, kusa da wanda ya gina cocin. Ita ce za ta zama baƙar fata ta farko a ciki. Tafi ya ɓarke, wasu har da miƙewa.

Anti ta bari suka gama tsaf, sannan ta ce, "Na gode. To in shiga inuwa in bar uwata wa tumaki? Ni ban ce a shigo da ni ba. Cewa na yi a fito da shinge."

Fasto ya ce a buɗe littafin waƙa.

Ba ta kai makon sulhun da coci ke yi duk shekara ba. Muka binne ta inda ta ce, gefen Nana. Ranar kowa ya ɗanɗana hanyarta, domin ba ƙofa ta wannan ɓangaren. Dattawan coci suka yi ta sunkuyawa suna ratsa waya, ƙaya ta kama siket ɗin Madam Glenys ta yage shi, takalma masu tsini suka nutse cikin kashin tumaki. Ina kuka, amma wallahi sai da na ji wani sanyi a raina. Fasto ya yi wa'azi mai ratsa jiki, ya ce daga yau ba za a sake raba 'ya'yan Allah ba. Na ce a zuciyata, kai, ko dai mutuwarta ta yi abin da rayuwarta ta kasa?

Wannan karon kwamiti bai yi nawa ba. Ba su matsar da shingen ba, a'a. Sun yanka wayar, sun sa wata 'yar ƙofa fara mai kyau, suka manna allon tagulla: Ƙofar Sulhu, don tunawa da Anti Valmai. Aka yi bikin buɗewa da kyandir da kek.

Bayan 'yan kwanaki wani ya bar ƙofar a buɗe. Tumakin Hartigan suka shige, suka cinye furannin Turawa, suka yi wa kabarin mahaifin Madam Glenys abin da suka saba yi wa Nana. Garin ya ɗauka! Ba a jira mai awon fili ba, ba a jira manya na birni ba. Washegari da safe aka sa wa Ƙofar Sulhu ƙaton kwaɗo, makullin yana jakar Madam Glenys.

Tsintsiyar tana wajena yanzu. Kowace Lahadi, suna ciki suna waƙa, nakan wuce ta gaban ƙofar da ke ɗauke da sunanta, in ɗage siket in ratsa waya. Kaburburan sharar sun zama biyu.