Godiyar da Vratislav Ya Yi a Tashar Ostrava

Doubravka tela ce a gidan wasan waƙa na Ostrava, kuma wajen awon riga ta samu miji. Vratislav ɗan mahaƙin kwal ne, mai murya ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya take fitowa. Mawaƙi ne a gidan; matsayin sarki, shaiɗan, tsoho mai mutuwa, duk shi ake ba a wasa.

"Tsaya cik mana, ƙaton banza," in ji ta, allura a baki. "Tumbin nan ya cinye yadin gwamnati."

"A nan muryar take kwana, 'yar tela."

A zamanin gurguzu, in an gayyaci mawaƙi ƙasar waje, shi kaɗai ake bari ya fita, matarsa ta zauna jingina. Yakan je ya dawo mata da kofi da sabulu.

'Yan wasa ba sa yi wa juna fatan alheri, tsoron baki suke. Sai a ce "Ka karya wuya," kuma ba a amsawa da godiya, don godiya tana kore sa'a. Ranar da zai tafi waƙa Biyana, can ƙasar waje, Doubravka ta raka shi tashar jirgin ƙasa, ta gyara masa kwala.

"To, ka karya wuya."

Ya dube ta, ya daɗe. "Na gode, Doubravka."

Mutumin da, don camfi, ko fito da baki ba ya yarda a yi a bayan dandali ba zai yi wannan suɓul da baka ba. Sallama ce, ba zai dawo ba. Ga ɗan sanda tsaye kusa, kalma ɗaya daga bakinta ta isa a hana Vratislav tafiya. Ta bar shi ya hau jirgi.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma nan ita ya doka. Aka kore ta daga ɗinki zuwa wankin kwalabe a kamfanin giya. Shi kuwa Milan, Landan, Buenos Aires, tana tsintar muryarsa a rediyon waje cikin ƙara. Ba ta nemi saki ba. Wauta ce, amma son sa take.

Da aka buɗe iyaka, kanta ya yi fari fat, ta hau bas zuwa Biyana. Muryarsa ta tsufa, matsayin bawa aka ba shi a wasan, mai baiti biyu. Ta jira shi a ƙofar baya, takardar shirin wasan a hannunta.

Ya fito, ya karɓi takardar, ya zaro biro, ya yi mata murmushi. Da Jamusanci ya tambaye ta: "Wane suna zan rubuta, madam?"